Hangen Dala ba shiga birni ba: Ruɗin da ke cikin madubin bindigar harbin nesa

Duk wanda ya taɓa jawo hoto da kyamarar wayarsa har ƙarshen zum ya san abin da ke biyo baya. Abin da ake son ɗauka yakan cika fuskar wayar, amma sai hoton ya dinga rawa kamar mai jin sanyi, launi ya dusashe, kuma da hannu ya ɗan motsa sai abin ya ɓace a shiga lalube. A 2020 kamfanin Samsung ya fito da wayar Galaxy S20 Ultra da rubutun 100X ɓaro-ɓaro a bayanta. An yi ta ɗaukar wata da dogayen gine-gine na ɗan lokaci, amma hoton biki da na suna har yau da ƙaramin zum ake ɗaukarsu.

Irin wannan ruɗin ne ya mamaye kasuwar madubin hangen nesa da ake ɗaura wa bindiga, musamman a Amurka, inda harbin nesa ya zama wasa da sana'a da kasuwanci na maƙudan daloli. Matasan da ke buga PUBG a waya ma sun san shi: wanda ya tsinci madubi mai ninki 8 ji yake ya gama da kowa. A zahiri kuwa, yawan ninki shi ne abu mafi sauƙin tallatawa a jikin madubi, kuma shi ne mafi ƙarancin tasiri wajen kai harsashi inda aka nufa. Abin da ke yin aikin shi ne ɗan zanen layukan da ke cikin gilashin, da ingancin maɓallan da ake murɗawa, da kuma kan mutumin da ke bayan bindigar.

Abin da lambobin ke nufi

Idan aka rubuta 5-25x56 a jikin madubi, ana nufin yana jawo abu kusa daga ninki 5 har zuwa ninki 25, sannan faɗin gilashin gaba milimita 56 ne. A ninki 10, abin da ke nisan mita 1,000 zai bayyana kamar yana mita 100. Mai saye yana ganin haka sai lissafi ya zo masa da sauƙi: in 10 ta yi kyau, ai 25 ta fi, 40 kuma ba a magana.

Tarihin harbin nesa bai goyi bayan wannan lissafin ba. Gwanayen harbin Tarayyar Sobiyet a Yaƙin Duniya na Biyu sun yi aiki da madubin PU mai ninki uku da rabi kacal. Bindigar Dragunov da ta shiga aiki a 1963, wadda har yanzu ake ganinta a filayen yaƙi da dama, madubinta ninki 4 ne. A 1967 a Biyetnam, sojan Amurka Carlos Hathcock ya ɗaura madubin Unertl mai ninki 8 a kan babbar bindigar M2 Browning, ya yi harbi daga nisan mita 2,286, kuma sai da aka shekara 35 kafin a karya wannan tarihi. Rob Furlong na Kanada, wanda ya kai mita 2,430 a Afganistan a watan Maris na 2002, madubinsa ninki 16 ne. Sojojin Amurka kuwa sun shafe shekaru masu yawa da madubi mai ninki 10 wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, a kan bindigoginsu na M40A1 da M24.

Akwai ma wanda ya ƙi madubin gaba ɗaya. Simo Häyhä na Finland, wanda ake danganta masa kashe sojojin Sobiyet sama da 500 a yaƙin hunturun 1939 zuwa 1940, da saitin ƙarfe na jikin bindiga ya yi aiki, saboda gilashi yana yin raɓa a cikin sanyi, yana ƙyalli a rana, yana kuma tilasta wa mutum ɗaga kai sama. Gaskiya ne a cikin dazuzzuka ya yi yaƙinsa, inda tazarar ba ta kai irin wadda ake magana a yau ba. Amma dalilansa sun nuna cewa tun asali madubi ba kyauta yake ba da gani ba, akwai abin da yake karɓa.

Ladan da ninki ke karɓa

Abu na farko da yake karɓa shi ne faɗin gani. Sanannen madubin nan na kamfanin Schmidt & Bender na Jamus, 5-25x56, yana nuna faɗin kusan mita 5 a nisan mita 100 idan yana ninki 5. In aka murɗa shi zuwa 25, faɗin zai koma mita ɗaya da rabi. Bindiga kuwa tana zabura idan ta tashi. Wanda ke leƙe ta wannan ƙaramar kafa, da ya ja kunama abin harinsa zai fice daga gilashin, ba zai ga inda harsashin ya faɗa ba. Wanda bai ga inda ya yi kuskure ba kuma ba shi da abin gyarawa a harbi na biyu.

Na biyu shi ne haske. Idan aka raba faɗin gilashin gaba da yawan ninki, za a samu faɗin hasken da ke fitowa zuwa ido. Gilashi mai milimita 50 a ninki 10 yana ba da milimita 5, a ninki 25 kuma milimita 2 kawai. Da rana tsaka ba laifi, amma da asuba ko gab da magariba, lokacin da dabbobi suka fi fitowa, hoton yakan yi duhu. Ga shi kuma dole ido ya tsaya daidai bayan wannan ɗan siririn haske, ya ɗan goce kaɗan sai gilashin ya yi baƙi.

Na uku, rawar jiki. Madubi ba ya ƙara wa hannu rawa, amma yana nuna ta ƙarara, har bugun zuciya ana ganinsa yana ɗaga layin saiti. Sabon maharbi da ya ga haka sai ya shiga kokawa da bindigar, yana jiran layin ya ratsa tsakiya ya fizgi kunama, wanda shi ne babban abin da ke ɓata harbi.

Sai kuma kawalwalniya. Wanda ya taɓa bin titin kwalta da azahar a watan Afrilu ya ga yadda iska ke rawa a saman hanya kamar ruwa. Zafin ƙasa ne ke dagula iskar, haske ya riƙa karkacewa a cikinta. Madubi mai ninki 30 ba ya ratsa wannan, ninka shi yake yi sau 30, har abin harin ya zama kamar yana iyo. Babu gilashin da kuɗi zai saya da zai gyara iskar da ke tsakanin mutum da abin da ke kilomita ɗaya daga gare shi. Abin da gwanaye ke yi a irin wannan rana shi ne rage ninkin. Wasunsu ma karanta kawalwalniyar suke yi, domin inda ta karkata yana nuna inda iska ke kaɗawa da kuma ƙarfinta.

Saboda haka ne a gasar Precision Rifle Series ta Amurka, inda ake harbin farantan ƙarfe a nisa daban-daban cikin ƙayyadadden lokaci, za a ga masu fafatawa da madubai masu kaiwa ninki 25 ko 35, amma da yawansu a tsakanin 12 da 18 suke barinsu idan an fara. Sun biya kuɗin saman, amma a tsakiya suke zaune.

Daga yanar gizo-gizo zuwa ma'auni

Labarin zanen saiti ya fara ne da gizo-gizo na gaske. Wajen 1640, wani masanin taurari ɗan Ingila mai suna William Gascoigne ya tarar gizo-gizo ya ja zare a cikin madubinsa na kallon sama, daidai wurin da hoto ke haɗuwa, sai ya ga zaren da abin da yake kallo duk sun fito tar a lokaci guda. Daga nan aka gane ana iya sa alama a cikin gilashi. An ci gaba da amfani da zaren gizo-gizo a na'urorin awo har cikin ƙarni na 20, kafin siririyar waya da zane a jikin gilashi su maye gurbinsa.

Shekaru aru-aru aikin zanen bai wuce nuna tsakiya ba: layi biyu sun gitta juna, a ɗora mahaɗarsu a kan abin hari. A 1962 kamfanin Leupold ya fito da samfurin Duplex, mai kauri daga gefe da siranta a tsakiya, wanda har gobe shi ne a kan akasarin bindigogin farauta. Ga mai harbi a mita 100 ko 200 wannan ya wadatar.

A nesa kuwa, tsakiyar ba ta da wani amfani ita kaɗai, domin harsashi ba ya tafiya a miƙe. Harsashin .308, wanda ya yi kusan daidai da na soja mai 7.62, idan an saita bindigar a yadi 100, kafin ya kai yadi 1,000 zai yi ƙasa da kusan mita 10, wato tsayin bene mai hawa uku. Tafiyar za ta ɗauke shi sama da daƙiƙa ɗaya da rabi. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa riga ba, idan ta buge shi daga gefe za ta ture shi fiye da mita 2. Ninki 40 ba zai rage ko taƙi ɗaya daga wannan ba. Iyakarsa ya nuna wa mutum abin da zai kuskure da kyau.

A nan ne zanen ya tashi daga alama ya zama ma'auni. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne mil, kuma lissafinsa ba wuya: mil ɗaya yana rufe santimita 10 a mita 100, santimita 50 a mita 500, mita ɗaya cif a mita 1,000. Idan mutum ya san tsayin abu, zai iya sanin nisansa. Ƙofa mai tsayin mita 2 da ta cika mil 4 a cikin gilashi tana nisan mita 500. Rashawa sun bi wata hanyar mai sauƙi a madubin Dragunov: sun zana lanƙwasasshen layi mai lambobi daga 2 zuwa 10, an auna shi da tsayin mita 1.7, inda abin ya shige daidai tsakanin layukan nan ne nisansa, daga mita 200 zuwa 1,000.

Yau na'urar lesa ta karɓe aikin auna nisa, amma amfanin ma'aunin bai ragu ba. Idan harsashi ya tayar da ƙura mil ɗaya hagu da rabin mil ƙasa, maharbin yana karanta hakan kai-tsaye a gilashi ya gyara, ba tare da ya tsaya lissafin santimita ba. Abokin aikinsa da ke leƙe da nasa madubin shi ma da wannan yaren zai yi masa magana.

Ɗaya ma'aunin shi ne MOA, wanda Amurkawa suka fi sabawa da shi saboda ya yi kusan inci ɗaya a yadi 100. Masu harbi sun daɗe suna musu kan wanda ya fi, musun da bai da wata riba, tunda duka biyun kusurwa suke aunawa kuma mil ɗaya daidai yake da MOA 3.44. Inda matsalar take shi ne gauraya su. An daɗe ana sayar da madubai masu zanen mil a ciki, maɓallan murɗawa kuma na MOA, har ga sojoji. Mutum ya ga ya yi ƙasa da mil ɗaya, sai ya ninka da 3.44, ya sake ninkawa da 4, kafin ya gane sau 14 zai murɗa. In da duka mil ne, sau 10 ne ba tare da tunani ba. Wanda ya ƙirƙiro wancan haɗin da alama bai taɓa yin lissafi zuciyarsa na dukan uku-uku ba.

Tarkon da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe

Akwai wani bambanci da ya fi yawan ninki muhimmanci nesa ba kusa ba, amma a ƙananan rubutu ake ɓoye shi: wurin da aka dasa zanen a cikin bututun madubin. Idan yana gaban gilasan da ke ƙara ninki, to zanen yana girma yana ƙanƙancewa tare da hoton, don haka mil ɗaya mil ɗaya ne a kowane ninki. Idan kuwa yana bayansu, girman zanen ba ya canzawa, hoton ne kawai ke canzawa, ma'aunin kuma yana zama daidai ne a ninki ɗaya tak, galibi na ƙarshe.

A ɗauki madubi 6-24 irin na biyun. Kawalwalniya ta dami mai shi, ya yi abin da ya dace ya sauko ninki 12, amma ya manta cewa yanzu kowace alama ta zama mil biyu. Ya ɗaga da alama biyu yana zaton mil 2 ne, alhali 4 ne. A mita 600 harsashinsa zai wuce ta sama da mita 1.2. Bindigar lafiyarta ƙalau, harsashin ma haka, gilashin garau. Irin wannan madubin yana ɗaure mai shi a ninkin da ya fi wahalar amfani, in dai yana son ma'auninsa ya faɗi gaskiya.

Nau'in farkon ma yana da nasa aibin, domin a ƙaramin ninki zanen yakan sirance har ya yi wuyar gani a duhun daji. Mafarauci mai harbin kusa yana da hujja in ya ƙi shi. Amma wanda ya ce harbin nesa yake so, ya tsallake wannan tambayar ya tafi neman ninki 40, ya fara gini ne daga rufi.

Su ma masu zanen sun fara wuce gona da iri. Samfura irin su H59 da Tremor3 na kamfanin Horus sun cika ƙasan gilashin da layukan ɗigo-ɗigo masu faɗaɗa zuwa ƙasa kamar bishiya, domin a gyara faɗuwa da iska a lokaci guda ba tare da taɓa maɓalli ba. A hannun sojan da ya harba dubban harsasai da shi, kayan aiki ne mai sauri. A hannun wanda ke zuwa filin harbi sau uku a shekara, ƙura ce kawai ta rufe masa gani, kuma ƙidaya layi na shida a maimakon na bakwai ba ta da wuya.

Sai maɓallan murɗawa, waɗanda ba a iya gane ingancinsu a hoto. A intanet ana samun madubi mai rubutun 6-24x50 a ƙasa da dala 100, alhali na manyan kamfanoni yana haura dala 3,000. Lambobin jikinsu kusan iri ɗaya ne. Bambancin yana ciki: idan an murɗa mil 10, shin mil 10 ɗin ya motsa? In an dawo da shi, ya koma inda yake? Kuskuren kashi 5 cikin 100 a nan rabin mita ne a nisan kilomita ɗaya. Madubi mai ninki 10 da ke cika alƙawari ya fi mai 24 da ke ƙarya, kuma wannan ba ya buƙatar dogon musu.

Inda babban ninki ke da gaskiya

Ba a ce babban ninki ba shi da gida ba. A gasar F-Class, wadda ta samo asali daga Kanada, ana kwanciya ne a ɗora bindiga a kan matashi, nisan sananne ne, takardar ba ta motsi, kuma da'irar tsakiya a yadi 1,000 faɗinta inci 5 ne kawai. A can ninki 40 ko 50 yana da ma'ana, har kamfanin March na Japan yana ƙera mai kaiwa 80. Su ɗin ma idan rana ta take sukan sauko.

Hujja mafi ƙarfi ita ce tantancewa. Kafin a ja kunama dole a san abin da ake kallo: namiji ne ko mace mai ɗa, sanda ce a kafaɗar mutumin can ko bindiga. Wannan na daga cikin dalilan da sojojin Amurka suka bar ninki 10 suka koma madubai masu 5-25 da 7-35 a kan sabuwar bindigarsu ta Mk 22. A wannan fuskar ƙarin ninki yana iya ceton rai, domin sau da yawa abin da yake gaya wa mutum shi ne kada ya harba.

Matsalar ita ce ga mafi yawan masu saye akasin haka yake yi. Yana sa mutum jin cewa abin da ya gani da kyau ya riga ya shiga hannu. A jihohin yammacin Amurka, inda ake farautar barewa da manyan namun daji a fili fetal, bidiyon harbi daga yadi 700 ko 900 ya zama abin alfahari a YouTube. Wurin da harsashi zai samu barewa ta mutu nan take bai wuce faɗin faranti ba, santimita 20 zuwa 25. A yadi 600, kuskuren kilomita 5 a awa wajen ƙiyasta iska ya isa ya ture harsashin .308 da kimanin wannan faɗin, kuma iskar da ke kwarin da ke tsakani ba lallai ta zama irin wadda ke kaɗa fuskar maharbin ba. A cikin kusan daƙiƙa ɗayan da harsashin ke tafiya, dabbar na iya yin taku guda. Sakamakon shi ne harsashi a ciki ko a cinya, dabba ta shige daji ta mutu bayan kwana biyu. Wannan ɓangaren ba a sa shi a bidiyo.

Ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta fitar da matsaya a kan haka. Ba ta yanka wani adadin yadi ba, amma ta nuna cewa idan burin mutum ya koma gwada iya nisan da zai harba maimakon ƙoƙarin matsawa kusa da dabbar, to ya bar farauta ya koma harbin gwaji a kan abu mai rai. Ƙungiyar tana da gaskiya.

Ko harbin da ake kafa hujja da shi bai ce abin da ake so ya ce ba. A watan Nuwamban 2009, a yankin Musa Qala na lardin Helmand, sojan Birtaniya Craig Harrison ya yi harbi daga mita 2,475 da bindigar L115A3 mai ɗauke da wancan madubin na Schmidt & Bender. Shi da kansa ya bayyana cewa ranar babu iska, yanayi a lumshe yake, gani kuma garau. Duk da haka sai da shi da abokin aikinsa suka harba harsashi tara suna kallon inda kowanne ya faɗa suna gyarawa, kafin su gano nisan daidai.